Ruwan dam ɗin Wasai ya koma kore, karfasa na mutuwa da asuba: mene ne dalili, kuma yaya ake auna shi?

Manomin Rani, Minjibir

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana ruwa na wannan zaure ce. Tun da bazara ta kankama ruwan dam ɗin Jakara, wanda aka fi sani da dam ɗin Wasai, ya ja baya sosai. A wasu lungunan ya yi kore shar, wajen da kogi ke shigowa kuma baƙi ne, yana wari. Masunta sun ce da asuba karfasa ke tasowa sama tana haki, wasu su mutu, amma tarwaɗa ko a jikinta. Da ruwan nan ake ban ruwan latas da albasa da tumatir, shanu na sha, yara na wanka. Guba aka zuba ne, ko haka ruwan yake yi da kansa? Akwai abin da mutumin ƙauye zai iya aunawa ba sai ya je birni ba? Allah ya ƙara sani.

Injiniyan Madatsai

Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi maganar ruwan sai an fara duba kwanon da yake zaune a ciki. Wasai na cikin madatsun ƙasa da aka yi a jihar Kano a shekarun 1970, zamani ɗaya da Bagauda da Tiga. Amma Tiga, da aka kammala a 1974, ruwanta daga daji da duwatsun kudu yake gangarowa. Wasai kuwa a ƙasan birni take zaune. Kogin Jakara daga cikin tsohon birnin Kano ya taso, ya bi ta Fagge da gefen Sabon Gari yana kwasar ruwan kwata da na mayanka, rafin Getsi ya kawo masa na masana'antun Bompai, sannan su gangara arewa maso gabas zuwa dam. Da damina ruwan sama na surka wannan. Da rani babu mai surkawa: kusan duk abin da ke shiga, ruwan da birni ya gama amfani da shi ne.

Sai kuma ƙafewa. Milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da ruwa mita mai kusurwa 10, wato lita 10,000. Idan rana ta ɗauke milimita 7 a yini, wanda ba abin mamaki ba ne a watan Maris da Afrilu, kowace hekta ta rasa lita 70,000 ke nan. Tururi ruwa zalla yake ɗauka, gishiri da datti suna nan. Shi ya sa ruwan da ya yi dama-dama a watan Oktoba yake kauri a ƙarshen rani.

Kar a ɗauki dam ɗin kamar randa ɗaya. Wajen shigar kogi ba zurfi, nan ruwa ke rage gudu ya sauke laka da duk abin da ke manne da ita. Tsakiya ya fi faɗi, iska na kaɗa shi. Gindin bango nan ne zurfin yake, kuma tsohon kwarin kogin yana nan kwance a ƙasa kamar rami mai tsawo. Gwajin da aka yi a wuri ɗaya ba ya ba da labarin sauran biyun.

Auna zurfi ba wuya. Igiya marar miƙewa, a ƙulla ta duk rabin mita, a ɗaura mata dutse mai faɗin gindi, domin siriri nutsewa yake cikin laka ya ƙara maka zurfin ƙarya. A shiga kwalekwale a ratsa daga gaɓa zuwa gaɓa, ana tsayawa duk bayan tazara ɗaya ana rubutawa, a yi layi huɗu ko biyar. Matsakaicin zurfin sau faɗin fuskar ruwan shi ne yawansa: hekta 1 mai zurfin mita 1 tana ɗauke da mita mai kusurwa 10,000. In ana so a san yadda laka ke cin dam, a caka gora mai tsini a wuri ɗaya kowane ƙarshen rani har ta taɓa ƙasa mai tauri.

Abin da ya fi kusa da tambayarka shi ne rabuwar ruwa hawa biyu. A bazara na sama yana ɗumi, ya yi sauƙi, ya zauna a kan na ƙasa mai sanyi, ba sa gauraya. Na ƙasan ba ya samun iska, ƙwayoyin da ke ruɓar da datti sun cinye ɗan abin da ke cikinsa, sai ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ga yadda za ka gani da idonka: ɗaura dutse a kwalba, ka toshe ta sako-sako da toshiya mai zare, ka saukar zuwa rabin mita sama da laka, ka fizge zaren, ka jira kumfa ta daina tasowa, ka jawo. Sa ma'aunin zafi nan take, ka kuma sunsuna. In ya fi na sama sanyi da digiri 3 ko 4 kuma yana wari, ruwan ya rabu.

Malamin Kiwon Kifi

Injiniya ya share fage. Malam Manomi, yadda ka siffanta abin, ban ga alamar guba ba, ƙarancin oksijin ne, wato iskar numfashi da ke narke a cikin ruwa, kuma kai da kanka ka kawo hujja biyu: lokacin asuba, da tarwaɗar da ba ta damu ba. Tarwaɗa na da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari, gaiwa ma haka da huhunta. Karfasa ba ta da wannan, abin da ya narke cikin ruwa kaɗai ta dogara da shi.

Koren nan ƙananan tsirrai ne da ido ba ya raba su ɗaya-ɗaya. Ruwan kwata taki ne a wurinsu, yana ɗauke da naitirojin da fosfaras daga bayan gida da sabulun wanki da jinin mayanka. Da rana suna fitar da oksijin har ruwa ya ƙoshi. Rana na faɗuwa sai su koma sha, su da kifi da ƙwayoyin cikin laka, har gari ya waye. Saboda haka mafi ƙarancin oksijin ana samun sa ne daf da fitowar rana. Wanda ya zo da na'ura da azahar ya auna ya ce ruwa lafiya lau, bai yi ƙarya ba, lokacin ne bai dace ba. Ga zafi kuma: ruwa mai digiri 20 na iya riƙe kamar miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Kifi na walwala daga 5 zuwa sama. Ƙasa da 3 ya rage cin abinci, in ya kai 1 ko ƙasa ya daɗe a haka sai mutuwa.

Yadda ake bambance shi da guba, irin su Gamalin da wasu ɓatagari ke zubawa: ƙarancin iska manyan kifi yake fara kayarwa, da asuba, kuma in rana ta ɗaga sauran su koma ƙasa. Guba ba ta da lokaci, ƙanana take fara kashewa, kifin na juyi yana fizge-fizge, ba ta barin tarwaɗa, za ka ga har kwaɗi da ƙwarin ruwa a mace.

Ranakun da za a sa ido: kwana biyu ko uku na hadari ko ƙura a jere ba rana, da kuma daren da aka yi guguwar farkon damina. Iskar nan da ruwan sama mai sanyi su ne ke juya hawa biyun da Injiniya ya faɗa, ruɓaɓɓen ƙasa ya hau sama cikin sa'o'i kaɗan. Ruwan farko kuma shi ke wanko dattin wata bakwai daga magudanan birni. Duk mai kejin kifi a irin wannan dam ya kwashe kafin lokacin, ko ya rage yawa, ya daina ba da abinci ranar da aka tashi da hadari.

Abin awo mafi arha faifai ne. A yanko murfin bokitin fenti mai faɗin santimita 20, a raba shi huɗu, a shafa fari da baƙi a jere, a huda tsakiya a sa igiya da nauyi a ƙasa. Tsakanin hantsi da azahar, a gefen inuwar jirgi, a saukar har ya ɓace, a rubuta. A jawo har ya sake bayyana, a rubuta. A ɗauki tsakiyar biyun. Santimita 30 zuwa 45 a ruwa mai kore daidai ne ga kifi. Ƙasa da 20 koren ya yi yawa, a sa ran matsala da asuba. Amma in ruwan ja ne ko ruwan ƙasa, laka ce ta rufe faifan, wannan lissafi bai hau kansa ba.

Kan shanu kuma, ba duk kore ne ɗaya ba. Tsoma sanda ka ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, gansakuka ce ta yau da kullum, ba ta da illa sosai. In ta fito kamar an tsoma ta a fenti, wannan irin mai launin shuɗi-kore ne, kuma wasunsa na fitar da dafin da ke lalata hanta, yana kashe dabba. Ko ka cika kwalba ka ajiye a wuri mai sanyi ta kwana: mai haɗarin sama yake taruwa, ɗayan ƙasa yake kwantawa. Iska ce ke tara shi a gaɓar da take busawa zuwa gare ta, don haka mashaya ta kasance a ɗaya gefen. Kuma don Allah kar wani ya ce zai zuba magani ya kashe koren gaba ɗaya. Ranar da ya mutu ya ruɓe, ranar kifin zai bi shi, dafin ma ya fantsama cikin ruwa.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji

Malam, na yarda da kai kan oksijin, amma ka yi saurin wanke sauran. A ruwa mai kore sosai pH, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kanwarsa, na hawa har 9 ko sama da la'asar. Amoniya da ke zuwa daga kwata kashi biyu ce, kuma mai dafin tana ƙaruwa da pH da zafi: a pH 7 ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, a pH 9 da digiri 30 ta haura kashi 40. To kifin da amoniya ta ƙona wa hanyar numfashi da yamma, shi ne zai shiga ƙarancin iska da asuba. Don haka pH sau biyu ake aunawa a rana, da sassafe da la'asar. Takardar awon pH ta wadatar.

Ƙarfe mai guba kuwa ba ya canja launi, ba ya wari, faifai ba ya ganin sa. Kuromiyam daga majemar zamani yake fitowa, dalma da kadmiyam daga batir da fenti da tarkacen ƙarafa. Sai da na'urar ɗakin gwaji, irin wadda ake samu a jami'o'i kamar Bayero. Mafi yawan kuɗin da ake kashewa kan gwaji wajen ɗiban ruwan yake lalacewa, saboda haka a kula:

Robar ruwan sha ta lita 1 da ba a taɓa zuba wani abu a ciki ba ta isa. A ɗauraye ta sau uku da ruwan wurin, a zubar can gefe. A nisanci gaɓa, a kifa bakinta a nutsa kamar santimita 30, sannan a juya ta cika, kar a kwaso kumfar sama ko lakar da ƙafa ta tayar. Ta gwajin ƙarfe ana ɗiga mata asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba ƙarfen manne wa jikin roba yake yi, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Masu ɗakin gwajin ne za su ba da kwalbar da aka riga aka shirya. Ta gwajin ƙwayoyin cuta dabam ce: daga wurinsu za a karɓo ta a rufe, ba a ɗauraye ta, a bar ɗan sarari a sama, a sa cikin kula da ƙanƙara, a kai cikin sa'a 6. A rubuta wuri da rana da lokaci a jikin kowace.

Wuri uku aƙalla, kamar yadda Injiniya ya kasa, kuma sau biyu a shekara: Afrilu da Satumba. A haɗa da laka rabin kilo daga wajen shigar kogi. Ƙarfe a laka yake taruwa, ruwan da ke samanta na iya fitowa kusan wanke alhali ƙasan ya cika. Kifin da ke kiwo a ƙasa, irin tarwaɗa da kurungu, shi ya fi cuɗanya da ita, kuma hanta da kayan ciki sun fi tsoka tarawa.

Iyakokin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha, a kowace lita: dalma miligiram 0.01, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05, naitiret 50. Ƙwayar cutar bayan gida kuwa ko ɗaya ba a yarda a samu cikin mililita 100 ba.

Malamin Gona

Hajiya ta kawo na sha, ga na ban ruwa, domin ba ma'auni ɗaya ba ne. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa kuromiyam miligiram 0.1 a lita, kadmiyam 0.01.

Abin da manomi zai fara gani dai gishiri ne. Akwai ƙaramar na'ura mai kamar biro da masu ruwan leda ke amfani da ita, tana nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Ƙasa da miligiram 450 a lita ba damuwa. Daga 450 zuwa 2,000 sai da lura. Sama da 2,000 gona za ta gaya maka da kanta. Yi lissafi: ruwa mai 1,000 na nufin kilo 1 na gishiri a kowace lita 1,000. In hekta ta sha mita mai kusurwa 6,000 a rani guda, tan 6 ka zuba mata. Alamarsa farin ɓawo kamar kanwa a kan kunya, bakin ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi alhali ƙasa na da danshi. Albasa da karas da latas su ke fara jin jiki, tumatir ya fi su haƙuri, alkama ta fi tumatir. Maganinsa a riƙa ba da ruwa mai yawa jefi-jefi ya wanke gishirin zuwa ƙasan saiwa, maimakon ɗan yayyafi kullum, kuma fadamar ta kasance tana tsanewa. A shuka a gefen kunya, ba a ƙololuwarta ba, domin can gishirin ke taruwa.

Ruwan nan da takinsa yake zuwa, shi ya sa ganye ke yin shar. Wanda ya ƙara buhun yuriya yadda ya saba in da ruwan rijiya yake ban ruwa, tumatirinsa ganye zai yi ba 'ya'ya, albasarsa ta yi kaurin wuya ta ƙi ajiyuwa.

A ganina latas da duk abin da ake ci ɗanye bai kamata ya sha daga wajen shigar kogi ba. Tsohon ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1989 ga irin wannan amfanin gona shi ne kar ƙwayoyin cutar bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100, ƙwan tsutsar ciki kuma kar ya wuce 1 a lita. Ganye ya fi 'ya'ya da ƙwaya ɗaukar kadmiyam, kuma dahuwa ba ta cire shi, don haka alayyafo ma bai tsira ba. Masara da alkama su suka fi dacewa da wancan gefen. Inda ba makawa, a bi da ruwa ta kwari, kar a watsa shi a kan ganye, a tsayar da ban ruwa kwana 2 zuwa 4 kafin cira, kuma kar a wanke kayan a bakin dam kafin a loda, nan ake mayar da dattin da rana ta kashe. Bakin tiyon injin a ɗaura shi a jarka mai yawo ya tsaya kamar rabin mita ƙasa da fuskar ruwa. In ya kwanta a laka, ita zai zuƙo.

Manomin Rani, Minjibir

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura ɗaya: masu kwana a gona suna sa alam su tafasa su sha. Hakan ya wadatar? Yaran da ke wanka fa?

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji

Bai wadatar ba, Malam. Alam ko garin 'ya'yan zogale, kamar ƙwara ɗaya a lita, laka suke kwantarwa. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa dalma da kadmiyam da naitiret, tana ma ƙara musu kauri tunda ruwa ne ke tashi. Dafin koren nan mai kama da fenti shi ma yana jure tafasa. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 shi naitiret ya fi yi wa illa, kar a dama masa komai da ruwan. A tafi gona da jarka daga burtsatse. Rijiyar da aka haƙa nesa da gaɓa, ruwan ya tato ta cikin yashi, ta fi ɗiba kai tsaye nesa ba kusa ba, amma ita ma a gwada ta, a kuma sa mata kulorin a jira minti 30 kafin a sha.

Yara kuma tsargiya ce abin tsoro, kuma ba ta sha ake ɗaukarta ba, ta fata take shiga. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a kainuwa da bado da kachala a bakin gaɓa, bayan 'yan makonni tsutsar ta fito tana neman mutum. Da tsakar rana ta fi fitowa, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa. Yaron da ke ganin jini a ƙarshen fitsari a kai shi asibiti, akwai maganin da ake kira Praziquantel, gwargwadon nauyi ko tsawon yaro ake ba da shi. Masu ban ruwa su sa takalmin roba mai tsawo. Ruwan wanka da wanki kuma in an ɗebo, a bar shi a baho ya kwana biyu cur kafin a taɓa, tsutsar ba ta wuce haka in ba ta sami jiki ba.